Wasiƙa Kan Binciken Haɗarin Jirgin Sama

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu ma nan Kano muna lafiya, sai godiya.

Ka tambaye ni me ya sa idan jirgi ya faɗi a ƙasarmu sai a ga Turawa sun zo suna tonon tarkace, ko ba raini ba ne. A'a, ƙa'ida ce ta ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Ƙasar da haɗarin ya auku a cikinta ita ke jagorantar bincike, amma ƙasar da ta ƙera jirgin da wadda ta yi masa rajista suna da damar turo wakilansu. Kuma ba a yin binciken don a kama mai laifi, wannan aikin kotu ne. Ana yi ne don kada abin ya sake faruwa.

Ka tuna jirgin alhazanmu da ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991, yana shirin zuwa Sakkwato? Mutum 261 suka rasu, ba wanda ya tsira, Allah ya jiƙansu. Saudiyya ce ta yi binciken, Kanada ta shiga saboda jirgin na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada ne, Nigeria Airways ta ɗauko hayarsa. Abin da suka gano har yau yana sosa mini rai. Wasu tayoyin iskarsu ba ta cika ba, an kuma sani, amma gudun makara ya sa aka tashi haka. Taya ta fashe a kan titi, wuta ta kama, matuƙa ba su ankara ba suka naɗe ƙafafun jirgin da wutar a ciki. Mun yi imani da ƙaddara, amma ai wanda ya bar taya ba iska ba zai laɓe a bayanta ba.

Babbar shaidar masu bincike ita ce baƙin akwati. Na'urori biyu ne, ɗaya na naɗar muryoyin matuƙa, ɗaya na adana bayanan tafiyar jirgi. Dubi Faransa: jirgin Air France ya faɗa Tekun Atlantika a 2009, hukumarsu ta binciken haɗarin jiragen sama, BEA, ba ta daina nema ba sai da aka ciro akwatunan a 2011, daga zurfin kusan mita 4,000.

A nan gida muna da hukumar binciken haɗari ta NSIB, wadda a da ake kira AIB kafin a sauya ta a 2022, aikinta ya haɗa har da jiragen ƙasa da na ruwa. Abin da ke damuna shi ne jinkiri. Ƙa'ida ta ce rahoton farko ya fito cikin kwana 30, na ƙarshe kuma a yi ƙoƙarin fitar da shi cikin shekara guda. Jirgin Dana ya faɗi a Legas a Yunin 2012, rahotonsa na ƙarshe bai fito ba sai 2017. Kusan shekara biyar iyalai na jira, jirage kuma na ta tashi. Na Bellview na 2005 ma ko akwatunan ba a samu ba.

Tun da kana yawan hawa jirgi, ka leƙa shafin NSIB a intanet, suna saka rahotanninsu. In ka karanta na Dana, ka rubuto mini ra'ayinka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Kano