Koya wa 'yan kwana-kwana ceton wanda zuciyarsa ta tsaya ba shisshigi ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan furucin baƙonku na shirin lafiya na makon jiya, wanda ya ce aikin ɗan kwana-kwana bai wuce wuta da tiyo ba, kuma koya masa taimakon wanda zuciyarsa ta tsaya shisshigi ne a aikin likitoci. Maganar ta ɓata mini rai matuƙa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mai gabatarwa ya bar ta ta wuce ba tare da ya tanka ba.

Yayana a gabana ya yanke jiki ya faɗi, kuma 'yan kwana-kwana ne suka fara isowa domin tasharsu ta fi asibiti kusa. Majiya ƙarfi ne, kuma da niyyar taimako suka zo. Ɗaya ya ɓalle masa maɓallan riga, ɗaya ya yi ta yi masa fifita da kwali, shugabansu kuma ya durƙusa yana taɓa wuyansa, yana waiwayen ƙofa ko motar asibiti ta iso. Babu wanda ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Da motar ta zo, rai ya riga ya yi halinsa. Na san ajali idan ya zo ba makawa, amma an umarce mu da yin sababi, kuma ban ga laifin waɗannan bayin Allah ba, tunda ba a taɓa koya musu ba.

Baƙonku likita ne, saboda haka ya fi ni sanin cewa idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6, kuma duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. To, wane likita ne zai baro asibiti ya iso cikin minti biyar? Abin da ake buƙata a wannan ɗan lokaci shi ne a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, sannan a manna masa na'urar AED, wadda take auna bugun zuciyar da kanta, ta kuma faɗa da murya ko akwai buƙatar jan lantarki. Mutumin da aka koya wa shiga gini yana ci da wuta ya fito da mutum a kafaɗa, wannan ba zai gagare shi ba.

Kuma ba sabon abu ba ne. Tun a 1970 wani likitan zuciya, Dakta Leonard Cobb, ya haɗa kai da shugaban hukumar kashe gobara ta birnin Seattle a Amurka, Gordon Vickery, suka kafa shirin Medic One, inda likitoci da kansu suka horar da 'yan kwana-kwana, kuma har yau yankin yana cikin wuraren da aka fi tsira daga tsayawar zuciya a duniya. A Japan kuwa, motocin ɗaukar marasa lafiya a hannun hukumomin kashe gobara suke. Su kansu 'yan kwana-kwanan suna da buƙatar wannan ilimi, domin a Amurka kusan rabin waɗanda suke rasuwa a bakin aiki ciwon zuciya ne yake kashe su.

Wani abin kuma, ya kamata ku daina katse masu kiran waya saboda talla. Wata baiwar Allah ta fara tambaya mai muhimmanci a kan bambancin ciwon zuciya da tsayawarta, kuka yanke ta, ba ku kuma koma kan tambayar ba.

Ina roƙonku da ku sake gayyato likitan, ku zaunar da shi tare da wani babban jami'in kashe gobara, a amsa mana wannan tambaya a gaban masu sauraro: wa zai danna ƙirjin kafin motar asibiti ta iso?

Na gode.

Naka,
Mai sauraronku na kullum