Wasiƙa daga Osaka: na ci ɗanyen kifi

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da amarya da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, har da gorin da ka yi mini cewa na shiga Japan na manta da mutane. Ka yi haƙuri, shirun wata uku ba ƙarami ba ne. Bari in fara sauke abin da ke cina: daren Asabar na ci ɗanyen kifi. Kada ka jefar da wayar, karanta tukuna.

Wata bakwai ina zillewa. Duk sanda malaminmu ya ɗebi ɗalibai zuwa cin sushi, wato curin shinkafa da yankan ɗanyen kifi a kai, sai in kawo uzuri, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin a nan zumunci a wurin cin abinci ake ƙulla shi. Sai in wayi gari suna hirar jiya ni ina gefe. Ƙyama ce ɗaya, tsoron haram na biyu. Na biyun na warware shi ranar wata Juma'a a masallacin Kobe, wanda aka gina tun 1935. Wani ɗan Indonesiya da ya daɗe a ƙasar ya zaunar da ni, ya tuna mini hadisin da muka karanta a zauren Malam, cewa ruwan teku mai tsarki ne, mushensa kuma halal. Ya ce kifin ba shi ne abin lura ba, abin da ake haɗawa da shi ne. Akwai mirin, wani ruwa mai zaƙi na shinkafa da ke da giya a ciki, da shi ake yin romon da ake shafa wa gasasshen kifin unagi. Shi kansa shoyu, baƙin ruwan waken suya da ake dangwalawa, wani ana ƙara masa barasa. Don haka na sayi ƙaramar kwalba mai tambarin halal na sa a aljihu, na kuma tambayi mai shagon abin da ke cikin ruwan khal ɗin shinkafarsa kafin in zauna.

Shagon irin wanda faranti ke zagayawa a kan bel ne, kana zaune abinci na wucewa ta gabanka, ka ɗauki wanda ya yi maka. Malaminmu ya ce a nan yankin Osaka aka fara wannan dabara a 1958. Na fara da tamago, wainar ƙwai mai ɗan zaƙi a kan curin shinkafa, sai dafaffen jatan lande. Can sai malam ya turo mini faranti da yanka biyu na maguro, wato tuna, jajir kamar tsokar cinyar rago. Na fara kai shi hanci. Wallahi Dogo babu ƙarni ko kaɗan. Malam ya ce in ajiye tsinkayen da suke cin abinci da su, da hannu ma ana ci, kuma ka san nan an zo gidanmu. Ya nuna mini in kifa lomar, gefen kifin ya taɓa shoyu, don idan shinkafar ta sha ruwa wargajewa take yi. Na yi bisimilla na kai baki gaba ɗaya. Kifin da sanyi-sanyi, shinkafar da ɗan ɗumi da ɗan tsami, sai laushi kamar dafaffen ɓargo. Kafin in haɗiye, wasabi, koren yajin da suke shafawa a ƙarƙashin kifin, ya taso mini ta hanci har idona ya kawo ruwa. Ba kamar attaruhu yake ba da zai zauna maka a harshe. Ya buga ya wuce kafin ka ƙirga biyar. Da kaina na miƙa hannu na ɗauki na biyun. Malam bai ce komai ba, ya dai zuba mini shayi, amma na ga daɗin da ya ji.

Ka san me suke kiran jiƙaƙƙiyar cittar da ake ci tsakanin kifi da kifi don wanke baki? Gari! Da na ji an ce miƙo gari, sai na tuna ka a hostel da kofin nan naka mai tsaga, kana rantsuwa ba ka da sauran suga alhali yana cikin safa. Af, ashe Ango ya sake sayen babur? Wa ya ba shi shawara bayan abin da ya faru a hanyar Kontagora? Ka ce masa ina gaisuwa, kuma bashina na nan.

Ba duka na iya ba. Ika, naman wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, yauƙi gare shi kamar ɗanyar kuɓewa, na ci ɗaya na bari. Uni kuwa, abin cikin wata halittar teku mai ƙaya kamar bushiya, ko taɓawa ban yi ba.

Yanzu ka saurare ni da kyau, don na san halinka, kai ɗan Yawuri da ke taƙama babu kifin da ya gagare ka. Kada ka je bakin kogi ka yanka tarwaɗa ko karfasa ka ce za ka gwada. Kifin ruwan daɗi yana ɗauke da tsutsotsi masu kama hanta da hanji, su kansu Japanawa na teku suka fi ci ɗanye. Na tekun ma akwai wata farar tsutsa, anisakis, da ta fi yawa a saba, wato titus ɗinmu. Gishiri ba ya kashe ta, haka ruwan khal, haka wasabi. Sai wuta, ko a daskarar da kifin a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na awa 24 ko fiye. Da wutar lantarkinmu, firjin wa zai riƙe wannan? Ka tsaya a kan bandarka da farfesun amarya. In Allah ya kawo ka nan, ni zan kai ka da kaina, kuma da tamago za ka fara kamar kowa.

Akwai wani abinsu natto, waken suya da aka ruɓar, ranar da na buɗe shi ƙamshin daddawar Hajiya ya cika ɗakin, har na kasa ci don kewar gida. Idan ɗan Kawu zai taso a watan gobe, don Allah a ba shi daddawa da kuka da yajin ƙuli, a ɗaure sosai a leda biyu. Kilishi kam kada a sa, ba a barin nama ya shigo ƙasar, a filin jirgi za a karɓe.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina cin abinci sosai. Maganar ɗanyen kifin ka bari ni zan gaya mata da bakina.

Naka,
Mutumin Osaka