Zuwa ga Abba, kan zamanka a Kakuri

Assalamu alaikum Abba, ya aiki ya baƙunta? Ummanka ta ce min ka samu ɗaki a Kakuri, shi ne na ce bari in rubuto maka tunda a waya kullum sauri kake.

Unguwar nan da ka kama haya na santa tun kafin a haife ka. In ka tsallake gadar kogin Kaduna ka yi kudu, Kakuri da Makera nan ne masaƙu suke. Tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar KTL, daga baya su Arewa da UNTL suka biyo, a 1975 kuma Peugeot suka fara haɗa mota a wajen. Audugarmu ta nan ƙasar Zazzau da Funtuwa can ake kai ta a lokacin a mai da ita yadi da atamfa. Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗaya daga cikin masaƙun, wallahi in jiniya ta buga lokacin canjin aiki titi ba masaka tsinke, kekuna ne kawai ko ta ina, Bahaushe da Katafawa da Tibi da Inyamuri duk kanmu fari fat da ƙurar auduga, mu zauna benci ɗaya gun mai shayi kowa na cin bashi sai ƙarshen wata.

To wuta ta lalace, baƙin mai ya yi tsada, ga atamfar Sin ana shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya da araha, ɗaya bayan ɗaya aka rufe masaƙun. Ni ko sisin giratuti ban gani ba na dawo Tudun Wadan Zariya, da ba don ɗinkin da kakanka ya tilasta min koya ba da ban san yadda zan yi da ku ba.

Don haka dattawan da za ka gani zaune a gindin bishiya da rana tsaka, kar ka kuskura ka yi musu kallon marasa aikin yi. Wasu injiniyoyi ne, wasu sun riƙe ma'aikata ɗari a ƙarƙashinsu. Ka gaishe su da kyau, Musulmi ne ko Kirista, in da hali ka biya musu shayi. Kuma gyaran wayar nan da ka iya dan Allah kar ka yar don kana ɗaukar albashi, ko da yamma ne ka dinga taɓawa.

In za ka zo ranar Juma'a ka taso da wuri, ka kira in ka sauka Kwangila Sani ya ɗauko ka a mashin.

Babanka