Tsakanin Ƙaramin Jirgi da Babba

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Na san shiruna ya yi yawa, kuma ba zan kawo maka uzurin da ka riga ka haddace ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne maganar nan da kuka daɗe kuna yi mini dariya a kanta ta kusa tabbata. Na sami jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, da zan saya, sai dai maimakon ɗaya biyu na samu, dukkansu na hannu, ga shi yau mako uku ke nan na kasa tsayar da shawara.

Ƙaramin tsawonsa ƙafa 27 ne, babban kuwa ƙafa 34, kuma duka biyun da faiba aka ƙera su, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi. Wanda bai san jirgi ba zai ce ƙafa bakwai ba wani abu ba ne, amma kai ka san jirgi ba a tsawo kaɗai yake girma ba, domin faɗi da zurfi suna biye da tsawon, har babban ya kusa ninka ƙaramin a nauyi. Komai nasa kuma haka yake: filafilai masu faɗi, igiyoyi masu kauri, anka (ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa ya riƙe jirgi) mai nauyi, da fentin ƙasan jirgi mai yawa duk lokacin da aka ɗaga shi daga ruwa. Masu tashar ajiye jirage su ma da tsawo suke lissafin haya, saboda haka ko ban fita da shi ko sau ɗaya a shekara ba, sai ya ci daga aljihuna.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gudu. Na zauna na yi lissafin da ka koya mini, wato gudun irin waɗannan jirage yana bin tsawon sashen da ke kwance a kan ruwa, sai na ga ƙaramin zai yi mil na teku shida da ɗan abu a awa, babban kuwa bakwai da ɗan abu, bambancin bai cika mil ɗaya ba. Inda babban ya yi fice shi ne idan ruwa ya tashi, domin nauyinsa yana sa ya ratsa igiyar ruwa a natse, ƙaramin kuwa sai ya riƙa tsalle da mai shi.

Uwargida tuni ta yanke nata hukuncin. Da ta shiga cikin babban ta miƙe tsaye ba tare da ta sunkuya ba, ta kuma ga banɗaki mai ƙofa, sai ta ce magana ta ƙare. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata can take. Amma na ɗauko masani ya duba mini su, kuma da ya bi saman babban yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, sai sautin ya mutu a kusa da gindin jigo, wato doguwar sandar da ake ɗaga filafili a kanta, alamar ruwa ya shige ya jiƙa katakon da ke tsakanin faibar. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigon ma sun haura shekara 15 ba a sauya su ba, alhali ana so a sabunta su tun kafin su kai haka. Ƙaramin kuwa, ban da 'yan ƙuraje a ƙasan jikinsa, irin waɗanda ruwa kan haifar wa tsohuwar faiba, da filafilai da suka fara saki, bai sami abin kushewa ba, injin dizal ɗinsa ma ya tashi a bugun farko.

Damuwata ta gaskiya dai ba gyara ba ce. Tun da ka yi nisa ba ni da abokin fita tsayayye, kuma ƙaramin zan iya kwance shi, in ɗaga filafili, in komo in ɗaure shi ni kaɗai, ko da iska tana bugowa ta gefe. Babban yana buƙatar mutum na biyu a lokacin shiga tasha, mutum mai iya ƙulli, ba irin ƙullin nan naka da ya kwance kansa muna tsaka da barci ba. Ina tsoron in sayi jirgin da zai yi ta zama a ɗaure ina jiran wanda zai raka ni.

Mai ƙaramin ya ba ni zuwa ƙarshen wata, domin akwai wani da ke zawarcinsa. Don Allah ka rubuto mini kafin nan, ka kuma gaya mini tsakani da Allah ko kana da niyyar zuwa hutu a bana, domin idan za ka riƙa zuwa, lissafin nawa zai sauya. Uwargida tana gaishe ka, ta kuma ce in faɗa maka kada ka kuskura ka goyi bayan ƙaramin.

Naka har kullum,
Amininka