Wasiƙar Sallah zuwa gida: tiredar ƙofar gida da teburin mai shayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Umma, da Yaya Babba da iyalinsa, da Auta da sauran yaran gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara wa Baba da Umma lafiya da nisan kwana. Mu nan Ingila lafiya ƙalau, sai kewarku. Na san yanzu a Kano an sauko daga Filin Idi na Ƙofar Mata, gobe Hawan Daushe, jibi Hawan Nassarawa, yara kuma sun fara lissafin goron Sallah.

Yaya ya ce mini Auta yana son kafa tireda a ƙofar gida, wajen tsohon dakalin nan. Na yi murna ƙwarai. Umma, ku yi haƙuri, wasiƙar Sallah za ta ɗan koma ta kasuwanci, don ina son yaron nan ya san yadda masu tiredar unguwarmu suke yi a da, tun kafin ya sa kwabonsa.

Auta, tiredar da muka tashi muka gani akwatin katako ce mai murfi biyu, a buɗe da safe, a sa mata kwaɗo da dare. Ƙarama ce, amma kowane kaya da mazauninsa, kuma akwai dalili. A sama ake jera abin ci: sukari mai ƙwaya, ganyen shayi, madarar gwangwani, biskit, Tom Tom da cingam a cikin kwalabe masu murfi saboda tururuwa. A tsakiya allura da zare, reza, batir, kyandir, lagwani, ashana. Sabulu da Omo da maganin sauro can ƙasa, nesa da abinci, domin biskit yana jan ƙamshin sabulu ko da a leda yake, kuma yaron da ya ci sau ɗaya ya ji sabulu a bakinsa ba zai dawo ba. Kananzir ba ya shiga akwatin ko kusa. Galan ɗinsa yana gefe a inuwa, da mazurari da kwalbar awonsa, mai tireda kuma sai ya wanke hannu kafin ya taɓa sukari. Da damina ashana da sukari su ne farkon lalacewa. Shi ya sa ake ɗaga akwatin kan bulo, a ajiye ashana cikin gwangwani mai murfi, sukari kuma a buɗe kwali ɗaya tak, sai ya ƙare a fasa wani.

Ribar tireda tana cikin rarrabawa. Ka saro kwali, ka sayar da ƙwaya. Ka saro sandar sabulu, ka yanka gida-gida daidai da juna, ka bar shi ya sha iska kwana biyu ya yi tauri. Mutanen unguwa na abin yau suke saya, gobe ma su dawo. Kafin ka sa farashi, ƙirga ƙwayoyin da ke cikin kwalin da hannunka, ka haɗa kuɗin sari da na mota da na leda, sannan ka raba. Masu mantawa da kuɗin mota su ne za ka ga ciniki yana ta gudana, akwati kuma yana ta ramewa. A da Kurmi ake zuwa sari, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yanzu kayan masarufi Singa za ka nufa, amma ka riƙe mutum ɗaya ko biyu da za su san fuskarka.

Sai maganar bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai tireda a ƙofar gidansu ba shi da ikon cewa ba ya bayarwa. Tsofaffin masu tireda suna da littafi, kowane gida da shafinsa, a rubuta a gaban ɗan aike, da rana da abin da ya karɓa. Kowane gida da iyakarsa, idan ya kai sai an rage kafin a ƙara. Ba a tambayar magidanci bashi a majalisa gaban mutane, bayan sallar isha'i ake tararsa shi kaɗai. Abin da ya fi bashi kashe tireda shi ne cin uwar kuɗi: a ɗauki na cefane yau, na zance gobe, duk daga aljihu ɗaya. Ka sami gwangwani biyu, ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Kayan da gidanmu ya ɗauka ma ka rubuta. Na san Umma ba za su ji haushi ba, su ne ma za su fara biya.

Za ka ji dattawa suna ce maka sule ko fam, kada ka ruɗe. Da aka sauya kuɗi zuwa naira a 1973, fam ɗaya ta zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, sisi kwabo 5, amma sunayen ba su bar bakin mutane ba. Shi ya sa har yau jaka take nufin naira 200, domin fam 100 ce a da. A wancan zamanin da sisi da sule yaran unguwa suke yin layi a gaban tireda ranar Sallah, sabon ɗinki yana ƙamshin shago, kowa ya damƙe kuɗinsa a tafin hannu har ya yi gumi.

Tireda ba ta rayuwa ita kaɗai, da maƙwabta take ci, kuma babban maƙwabcinta mai shayi ne. Teburinsa dogo ne, da benci ta gefe uku, gwangwanayen madara da Bournvita an jera su kamar dala, burodi a gefe, babbar butar shayi a kan gawayi ba ta sauka daga asuba har hantsi, ta koma bayan magariba. A ruwan ake dafa citta da kanumfari da ɗan masoro. Ganyen shayi ba a barinsa ya yi ta tafasa, in ya daɗe sai ya yi baƙi ya yi bauri, sukari ba ya gyara shi. Gwangwanin madara huji biyu ake yi masa, ɗaya na zuba, ɗaya na iska, in ba haka ba sai ta riƙa fitowa da kyar tana fantsama. Wanda aka fasa da safe ba ya kai dare a lokacin zafi. Mai son kauri a zuba masa madara da yawa, mai ƙaramin ƙarfi ya ce a ba shi ruwan bunu, ba wanda zai kalle shi. Sannan a ɗaga kofi sama a tsiyayo cikin wani, a mayar, sau uku ko huɗu, sukari ya narke, zafi ya ragu, kumfa ta taso. Yara kan tsaya kallon wannan kawai, ko ba su da ko kwabo. Idan akwai mai shayi kusa, ka riƙa ba shi sukari da madara a farashin da ya ɗan yi ƙasa da na kowa. Cinikinsa kullum ne, kuma mutanen bencinsa naka ne.

Haka mai faci da hayar keke, wanda yara suke kewayewa da yamma. Aikinsa a idon kowa yake: ya zare tayar ciki, ya hura, ya tsoma a kwanon ruwa har kumfa ta nuna hujin, ya goge ta bushe, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ya manna ya danne. Mai gaggawa da ya manna da ɗanyen sholisho, ko ya manta bai shafa cikin tayar waje ya cire ƙayar ba, kafin a kai Jakara iska ta sace. Masu jiran faci su ma masu sayen minti ne.

Dakalin kuwa don Allah kada a rushe shi. A nan dattawa suke buga dara bayan la'asar, ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. A gabansa yara suke langa da farin wata, nan kuma 'yan tashe suke tsayawa idan azumi ya kai kwana goma. Ka kafa akwatinka a gefensa, ka bar wa mutane wurin zama, ka ajiye buta da tabarma. Amma ka kafa doka tun ranar farko: abokanka su zauna a kan dakali, ba a bayan akwati ba, kuma hannunka kaɗai ke shiga gwangwanin kuɗi. Matan aure da ke aiko yara suna lura da irin samarin da ke zama a wurin, kuma da wannan suke yanke inda za a kai kuɗin cefanensu.

Yaya, kuɗin da na turo ta hannunka kashi uku ne. Na farko goron Sallar Baba da Umma, na biyu na yara, a raba har da na maƙwabta, na uku jarin Auta. Kada ya zuba shi duka a kaya. Kashi biyu cikin uku ya yi sari, sauran ya ajiye har ya yi wata guda ya ga abin da unguwa take nema, sannan ya ƙaro. Akwatin kuma a ba kafinta ya yi da busasshen katako, don ɗanye yana bankarewa murfi ya ƙi rufuwa.

Gobe kafin a tafi kallon hawa, a biya da yara Jakara a saya musu gurasa mai zafi daga tanderu, a yi musu bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. A gaishe mini da Gwaggo da Kawu, da Liman, da duk dattawan dakali. Baba da Umma, a ci gaba da sa mu a addu'a. Auta, idan an kafa akwatin ka ɗauko mini hotonsa a buɗe, in ga yadda ka jera kayan.

Wassalam,
ɗanku da ke Ingila.