Baƙin cikinsu ba irin namu ba ne

Assalamu alaikum abokina,

Ina fata kana lafiya, da iyali da su Inna. Sanyin garin Sendai a nan Japan ya fara ratsa ƙashi, amma alhamdu lillahi.

Bari ka ji kwaɓar da na yi. Ranar da labarin rasuwar Kawu ya iso, tsohuwar da nake haya a gidanta ta dubi fuskata ta ce lafiya? Ni kuwa da guntun Japanancina sai na ɗauko "baƙin ciki" na juya shi yadda yake, na ce mata cikina baƙi ne. Baiwar Allah ta yi turus. Ashe a wurinsu haraguroi, mai baƙin tumbi, shi ne makirin da ke maka dariya alhali ya gama haƙa maka rami. Ka ga ya fi kusa da "ɗan baƙin ciki" namu.

Tun ranar na kasa kunne ga yadda suke faɗin hali, wato seikaku. Da haske da ɗumi suke fara auna mutum. Akarui, mai haske, shi ne mai fara'a. Kurai, mai duhu, wanda zama da shi ke kashe jiki. Wanda ya fi ɗaure min kai tsumetai ne, wato mai sanyi. Mu in an ce yarinya tana da sanyin hali ai an yabe ta, su kuwa mai sanyi mara tausayi ne. Wasu kuma a jiki suke rataye su: wanda muke ce wa mai zurfin ciki, su kuchi ga katai suke cewa, mai taurin baki.

Masanansu ma sun bi ta kai. A 1971 wani mai suna Aoki ya tsamo kalmomin hali 455 daga ƙamus, ya kasa su gida-gida, aka kuma auna wanne ake so, wanne ake ƙi. A ganina yawancin waɗanda nake ji kullum tambaya guda suke amsawa: yaya zama da kai yake?

Jiya malamina ya ce ni majime ne. Kalmar tana nufin mai riƙe aiki da gaske, amma har wanda bai san wasa ba ana jifansa da ita. Da murmushi dai ya faɗa.

In ka samu mai tahowa, aiko min da yaji da kuka. Kada ka sa kilishi, nama ba ya wuce kwastan ɗinsu.

Naka har kullum.