Zuwa ga abokan cinikinmu: robar ƙofar injin wanki da batun garanti

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mun rubuto ne a kan abin da ya fi komai haɗa mu ja-in-ja da wasunku, wato robar nan mai ruwan toka da ta zagaye bakin injin wanki mai ƙofa a gaba. Mutum zai sayi inji, ya yi 'yan watanni yana mora, wata rana ya tarar da ruwa kwance a gabansa. Mai gyaranmu ya je ya duba, ya ce roba ce ta yage. Daga nan sai a hau tayar da jijiyar wuya a kan wanda zai biya. Mun ga gara mu faɗi yadda muke yanke wannan hukunci, kowa ya sani tun kafin abin ya zo kansa.

Gangar da kuke zuba kaya a ciki tana zaune ne a cikin wata babbar ganga mai riƙe ruwa, ita kuma tana rataye da sifirin domin ta samu wurin motsi. Jikin injin kuwa a tsaye yake ƙyam. Robar ce ta haɗa mai motsi da marar motsi, shi ya sa aka yi mata ninki mai zurfi. Lokacin matse kaya, yawancin injunan gida suna juyi tsakanin 1000 zuwa 1400 a minti ɗaya, kuma duk wannan jijjiga a jikinta take ƙarewa. Galibi da wani nau'in roba da ake kira EPDM ake yin ta. Tana jure ruwan zafi da sabulu sosai, amma ba ta shiri da mai ko kaɗan.

Garanti kuwa alkawari ne a kan aibin da inji ya fito da shi daga masana'anta. Bai shafi tsufa ba, bai shafi ɓarnar da wani abu ya yi wa injin bayan ya shiga gida ba. Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane: takardar nan da ake mannawa a gaban wasu injuna da babban rubutu, garantin shekara 10. Idan kuka karanta ƙananan rubutun, za ku ga a kan moton da ke juya ganga kawai aka yi alkawarin, sau da yawa ma kayan kaɗai, ban da kuɗin aiki. Roba tana ƙarƙashin garantin injin gaba ɗaya, wanda ya fi wancan gajarta nesa ba kusa ba. Mun sha ganin mutum ya nuna mana takardar da yatsa yana cewa ai ga shi a rubuce. Ba mu ga laifinsa ba, don an yi rubutun ne yadda ido zai fara sauka a kan lambar.

Abin da ya rage mana wahala shi ne roba ba ta ɓoye abin da ya same ta. Kowace irin ɓarna da kamanninta.

Idan ƙarfe ne ya yanka, yankan zai fito sumul kamar na reza, ko ya zama ƙaramin huji, kuma kusan kullum a ƙasa, inda kaya ke gogawa. Sau da yawa mai laifin yana nan bai tafi ba. Ka sa yatsa ka buɗe ninkin, sai ga ƙusa, ko fil ɗin gashi, ko makulli, ko siririn ƙarfen nan na rigar mama da ya zare. Wani lokaci kuma sai an kwance matacin da ke ƙasan injin a same shi a can. Zif ɗin wando da aka bari a buɗe shi ma yana karce roba a hankali har ya huda ta. Wannan ba aibin masana'anta ba ne, kuma babu kamfanin da zai karɓa.

Idan an cika inji maƙil aka danna ƙofa da ƙarfi, hannun riga ko bakin zanin gado yakan maƙale tsakanin gilashi da leɓen robar. Ganga ta fara juyi, kayan ya fizge, sai ya tafi da guntun roba. Wurin yakan zama kamar an gatsa, gefensa da shaidar gogayya. Shi ma a gida ya faru.

Mai kuwa alamarsa dabam ce. Robar takan kumbura, ta yi laushi, ta riƙa danƙo a hannu, leɓenta ya karkace ya daina kama gilashi. Muna ganin haka a gidajen da ake wanke kayan aiki masu giris ko baƙin mai, ko tsumman da aka goge fetur da shi. Irin wannan tsumma ma bai kamata ya shiga inji ba, saboda hatsarin gobara. Bilic mai ƙarfi da ake barin sa ya kwana a ninkin yana busar da roba har ta fara tsattsagewa.

Sai ɓangaren da hakki yake wajenku, kuma a nan muke tsayawa tare da ku ko da kamfanin da ya ƙera injin ya so zillewa. Idan roba ta tsage a kan layin da aka haɗa ta wajen ƙira, babu karce babu huji, aibi ne. Idan wayar da ke ɗaure ta ba ta zauna daidai ba har robar ta zame daga mazauninta, aibi ne. Akwai kuma wanda ba kowa ke lura da shi ba: ka ga gefen robar na ciki ya cinye a zagaye, ga ɓarɓashinta a jikin kayan da aka wanke. Wannan ganga ce take gogar ta, ko dai boris ya lalace ko abin da ke tare jijjiga ya saki. A irin wannan hali robar ba ita ce ciwon ba, kuma idan aka canza ta kaɗai, sabuwar ma haka za ta ƙare. Matuƙar injin yana cikin garanti, gyaran gangar da robar duka a kan garantin suke.

Wasu kamfanoni da sun ji an ce robar ƙofa, tun a waya za su ce ai wannan kayan da ke cinyewa ne da amfani, ba ya cikin alkawari. Mu ba mu yarda da wannan amsa ba idan ba a duba ba. Robar da aka yi ta domin ta yi shekaru, in ta mutu cikin watanni a wankin gida na yau da kullum, ba za a kira shi tsufa ba. A ƙasashe da dama ma doka ta ba mai saye hakki a kan wanda ya sayar masa da kaya mai aibi, ban da abin da takardar garanti ta ce.

Fumfuna kuwa, wato baƙin ɗigo-ɗigon nan mai wari, a nan kam muna tare da kamfanonin. Ba ta sa yoyo, kuma garanti bai shafe ta ba. Danshi ne da ragowar sabulu ke kawo ta, musamman inda ake rufe ƙofa da zarar an kwashe kaya, kuma kullum a digiri 30 ko 40 ake wanki. Ku riƙa barin ƙofar a ɗan buɗe, ku goge ninkin da busasshen tsumma, ku tabbata ƙananan ramukan da ke ƙasan robar ba su toshe ba, sannan kamar sau ɗaya a wata ku kunna injin ba kaya a digiri 60 ko sama. Idan baƙin ya riga ya shiga jikin robar, da wuya ya fita duka.

Ga yadda muke aiki idan kun kira. Mai gyara zai fara tabbatar da inda ruwan yake fitowa, don tiyo ko akwatin sabulu ko murfin mataci duk suna iya zubar da ruwa a gaban inji a ɗora wa roba laifi. Idan robar ce, a gabanku zai buɗe ninkin da tocila, ya ɗauki hoto kafin ya kwance komai, tun da gani ya kori ji. Tsohuwar robar taku ce, sai dai idan kamfani ya nemi a aika masa, kuma ko a nan hotunan suna hannunku. Idan muka ce garanti bai ɗauka ba, za mu rubuta muku dalili. Idan kuma mun duba abin ya ƙi fitowa fili, kuma injin bai cika wata 12 da saye a wajenmu ba, mu za mu ɗauki nauyin gyaran, mu ji da kamfanin daga baya. Wanda bai gamsu ba yana da damar neman wani daga cikin masu gyaranmu ya sake dubawa.

Abin da muke roƙo a wajenku kaɗan ne. Da kun ga ruwa, ku kashe injin ku zare shi daga wuta, domin ruwan yana iya gangarawa kan wayoyin makullin ƙofa. Kada ku shafa gam ko ku liƙa wani abu a yagar. Ba ya riƙewa, kuma yana rufe shaidar da za ta iya zama taku. Kada kuma a kira wani mai gyara ya kwance kafin mu zo, don yawancin takardun garanti suna faɗuwa da haka. Haka nan injin gida da aka sa a sana'ar wanki, yana aiki safe da yamma, ya fita daga garantin gida, kuma gara ku gaya mana tun wajen saye mu nuna muku wanda aka yi domin wannan aiki.

Idan za ku kira, ku tanadi rasit da lambar injin. Galibi tana kan wata 'yar takarda a bakin ƙofa daga ciki, ko a bayan injin. Wanda yake da ƙorafin roba da har yanzu ba a kashe maganarsa ba, ya kawo su tare da tsohuwar robar idan tana nan, mu zauna mu duba ta tare.

Mun gode da cinikinku.

Naku,
Ma'aikatan sashen sayarwa da gyara